Daga ina 'ya'yan tsaka suke fitowa a ɗakinka?

Yau kan tsaka za mu yi magana. Duk wanda ya taso a tsofaffin gidajen Katsina, irin na Rafindaɗi ko Unguwar Yari, ya san abin nan: a kashe tsaka yau, bayan 'yan makonni sai ga ƙanana a bango. To daga ina?

Ƙwai ta bari. Macen tsaka ƙwai 2 take yi a lokaci guda, farare, girmansu bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma tana maimaitawa sau da yawa a shekara. Idan ka lura da kyau, har ta fatar cikinta ana hango su kafin ta saka. Kadangare rami yake tonawa a ƙasa, ƙwansa da laushi. Na tsaka ɓawonsa tauri gare shi kamar na kaza, shi ya sa bushewar ɗaki ba ta kashe shi. Tsagar bango, tsakanin azara, bayan sif, nan take ɓoyewa.

Kuma fa ba ta kwanci. Zafin ɗakinka ne yake yi mata aikin, wajen wata 2 ɗan ya fasa ya fito, ya kama farautar ƙwari da kansa.

Saboda haka fesa maganin sauro ba zai raba ka da ita ba. Toshe tsagar bango, ka riƙa jawo sif ana sharewa. Tsaka ba ta da dafi, amma kashinta na iya ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, don haka a rufe abinci da randa.