Kafin a kwance babur: yadda ake gane ciwon kulocin sikuta

Vespa ta farko da kamfanin Piaggio ya fitar a Italiya a 1946, da hannu ake canza mata giya. Yawancin sikutocin yau kuwa totur kawai ake murɗawa, sauran aikin yana gudana a cikin dogon murfin da ke gefen hagu, tsakanin inji da tayar baya. A nan ne kuɗin masu babur ke yawan salwanta, domin sau da yawa ana sayen sabon kuloci alhali laifin na bel ne.

A cikin murfin akwai fuli biyu da bel ya haɗa. Na gaba yana ɗauke da ƙananan roloji, galibi shida. Idan inji ya ƙara wuta sai su watsu waje, su matse fulin, bel ya hau sama, giya ta canza da kanta. A bayan kuma akwai kuloci mai takalma uku, waɗanda ke buɗewa su kama wata ƙwarya ta ƙarfe idan juyin ya kai. Kowanne da lokacin aikinsa, shi ya sa gogaggen bakanike yake fara tambaya: yaushe matsalar take tasowa?

Idan babur yana karkarwa daidai lokacin tashi, sai ya daina da zarar ya miƙa, a duba kuloci. Ko dai fuskar takalman ta yi santsi saboda zafi, ko ƙura ta taru a ƙwaryar, ko maiƙo ya tsiyayo daga wani sil da ya mutu. Sau da yawa wanki da ɗan gogawa da samfefa sun isa. Amma ƙwaryar da ta koma shuɗiya ta sha zafi fiye da kima, wataƙila ma ta karkace.

Idan inji yana ihu babur bai ja yadda ya saba, ko gudunsa na ƙarshe ya ragu, bel ne abin zargi. Yana cinyewa ne daga gefe, ya sirance, ya kasa hawa ƙololuwar fuli. Honda ta sa kilomita 24,000 a matsayin wa'adin canza bel na sikutarta PCX, sai dai ƙurar hunturu da lodi mai nauyi suna rage masa kwana. In kuwa inji na aiki lafiya taya ko motsi ba ta yi, mai yiwuwa bel ɗin ya tsinke.

Nauyin jiki wajen ɗaukar wuta, haɗe da ƙaras-ƙaras daga gaba, alamar rolojin sun cinye ta gefe guda ne. Tayar baya da ke juyawa da ƙarfi a kan dogon jak alhali inji na sulo, ko dai sulon ya yi yawa ko sifirin ɗin kuloci ya saki. Kukan da ke bin gudun taya, ko an saki totur, daga akwatin giyar baya yake fitowa. A duba man giya da boris.

Abu guda da ba a yi: zuba mai a ɗakin bel. Busasshe aka ƙera shi, kuma ɗigon mai kaɗan ya isa ya lalata bel da kuloci tare.