Zaɓen shugabannin ƙungiya: kada mu ba da amana da ka

Manoma da makiyaya, ranar zaɓen shugabannin koperatif babbar rana ce. A ranar ne ake sanin hannun da zai riƙe kuɗinmu, da hatsinmu, da takin da muka ci bashi.

Tun 1962, lokacin da aka kafa UNCC, manoman Nijar suka fara saida gujiya a ƙungiyance. A 2010 ƙasashen OHADA, har da Nijar, suka amince da doka guda game da koperatif. Dokar ta ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Mai shanu 50 da mai akuya 2 ƙuri'arsu daidai take, mace da namiji ma haka.

A ƙaramar koperatif babban taro yana zaɓen kwamiti biyu. Na farko shi ke tafiyar da aiki, bai wuce mutum 3 ba. In membobi sun kai 100, ana iya kai shi 5. Na biyu shi ne kwamitin sa ido, mutum 3 zuwa 5. Su ke duba littafi da akwatin kuɗi. Wanda ke cikin na farko ba ya shiga na biyu.

Sau da yawa jama'a na watsewa da an zaɓi shugaba, sai a cika sauran wurare da 'yan uwansa. In ma'aji ƙanen shugaba ne, mai sa ido surukinsa, wa zai tambayi inda buhu 10 suka shiga?

Mu zaɓi mai gaskiya wanda ya iya rubutu da lissafi. Mu zauna har ƙarshen taro.