"Sau Uku a Rana": Kalmomin Lokaci da Shan Maganin Makyarkyata

Ciwon nan da James Parkinson ya bayyana a Landan cikin 1817, wanda mu kan kira makyarkyata ko rawar jiki, yana samuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu yin sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa sannu a hankali. Babban maganinsa lebodofa, wanda George Cotzias ya tabbatar da amfaninsa a Amurka cikin 1967. Ba ya raba mutum da ciwon, sauƙi kaɗai yake kawowa, kuma ba ya daɗewa cikin jini: kafin sa'a ɗaya da rabi, rabinsa ya tafi.

Da fari wannan ba ya damun kowa, gama sauran ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna adana abin da suka samu, suna sakinsa kaɗan kaɗan. Shan ƙwaya sau uku yakan wadatar. Bayan 'yan shekaru, da rumbun nan ya ƙanƙance, sai ƙarfin magani ya riƙa ƙarewa tun lokacin sha na gaba bai yi ba, jiki ya sandare, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. In kuwa aka ƙara yawansa a sha guda, sai gaɓoɓi su kama motsi ba da son mai su ba. Saboda haka likita yakan rarraba shi, sau biyar ko fiye, da tazarar sa'a uku ko huɗu.

To, nan ne harshe ya shigo. A ɗauki manomi daga Tafoki, ƙasar Faskari, wanda ya je Funtuwa, ko asibitin koyarwa na Shika, ya komo da umurnin baka. "Sau uku a rana" ƙidaya ce kurum, ba ta faɗi tazara ba. Kalmar "rana" ma fuska biyu gare ta: ko yini, ko yini da dare. Da aka ce masa sau biyar, abin da zai zo masa a rai salloli biyar ne, kuma mai yi masa tafinta yakan ƙarfafa wannan don sauƙin tunawa. Amma tsakanin asuba da azahar akwai wajen sa'a takwas, alhali azahar, la'asar, magariba da lisha duk suna cikin sa'a shida. Watau zai yini gona da safe jikinsa a ɗaure, da maraice kuwa magani ya taru ya yi masa yawa.

A ganina Hausa ba ta rasa kalmomin da za su gyara wannan ba. Muna da hantsi, muna da walaha, ko da yake yaran makaranta sun fara mance ta biyun. Asuba, walaha, azahar, magariba, kwanciya barci: tazararsu ta kusa daidai da sa'a huɗu huɗu. Wanda ke da agogon waya ya fi kyau a ba shi ƙarfe kaza, likita ne kuma mai yankewa.

"Kafin abinci" ita ma tana son ƙarin bayani, domin nama, wake, ƙosai da nono suna rage shigar lebodofa cikin jiki, alhali mutane da yawa ba su lissafa fura da nono cikin "abinci". Sai a ambace su da suna, a ce rabin sa'a kafin su. Haka kuma lalle a faɗa wa dangi cewa yanke maganin farat ɗaya yana da haɗari ƙwarai, don haka maganar azumi a kai ta gaban likita tun watan Sha'aban.