Kuɗin Fasaha a Jidda, Masu Zane a Duwatsun Asir

Duk alhajin da ya sauka a filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz na Jidda ya san manyan rumfunan nan masu kama da tantuna, inda ake zaman jiran motar Makka ko Madina. An buɗe su a 1981 domin mahajjata. A watan Janairun 2023 sai aka mayar da ɓangarensu na yamma dandalin baje kolin fasahar Musulunci, aka kuma sake yi a 2025. An kawo tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, da kayan tarihi na masallatan Makka da Madina, aka jera su kusa da ayyukan masu zane na zamani. Wata gidauniya da Ma'aikatar Al'adu ta kafa ce ta ɗauki nauyi.

Jidda ta daɗe da sabawa da kashe kuɗi a kan kayan ƙawa. Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya riƙe magajin garin daga 1972 zuwa 1986, ya cika shataletale da bakin teku da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe, har da na mashahuran Turawa irin su Henry Moore da Joan Miró. Kaso mai tsoka na kuɗin daga aljihun attajiran garin ya fito. Katafaren keken nan da ake kwatance da shi a Jidda aikin wannan lokacin ne. A yau kuma akwai Hayy Jameel, cibiyar fasaha da iyalan Jameel suka buɗe a ƙarshen 2021, da makarantar da suka buɗe tun 2015 a tsohon gari, Al-Balad, inda ake koyar da sassaƙar itace da aikin farar ƙasa da zanen lissafi. Ita gwamnati ta kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, ta fitar da hukumomi 11 a ƙarƙashinta a 2020, ta ƙara da Asusun Raya Al'adu a 2021.

Kuɗi dai akwai su. Abin tambaya shi ne hannun wa suke shiga.

A bar Jidda a yi kudu, tafiyar sama da kilomita 600, zuwa duwatsun Asir. A can akwai ƙauyen Rijal Alma, mai dogayen gidajen dutse hawa-hawa. Matan yankin suna da wani zane da ake kira Al-Ƙaɗɗ, da shi suke ƙawata bangon ɗakin baƙi. Sai a fara shafe bango da farar ƙasa. Gwanar cikinsu ta ja layuka da baƙi, ta fitar da 'yan dala-dala da murabba'ai da layuka masu kama da haƙoran mataji, ba tare da ma'auni ba, ido ne kawai da sabo. Sauran mata, 'yan'uwa da maƙwabta da 'yan mata masu koyo, su bi bayanta suna cike gurabe da ja da rawaya da shuɗi da kore. A da, baƙin daga gawayi ake samo shi, koren daga ɗanyar ciyawa, jan da rawayan daga ƙasar dutse. Aikin gayya ne, kuma a wurin gayyar ake koyon sa. Wanda ya san zanen bangon gidajen Zariya da Kano ba zai ga abin baƙo ba, sai dai namu magina maza ke yi a fuskar gida, nasu kuwa mata ke yi a ciki.

Shekara da shekaru matan nan na wannan aiki ba tare da sisin kwabo daga kowace hukuma ba. Da gidajen siminti da fentin gwangwani suka shigo, aka fara barin gidajen dutse, mutanen Rijal Alma da kansu suka tashi tsakiyar shekarun 1980 suka gyara wani tsohon gida suka mayar da shi gidan tarihi. Maza suka yi gini, mata suka kawo kayan adonsu na azurfa kyauta, gwanar zanen nan Fatima Abu Gahas ta jagoranci ƙawata bango. Sai a 2017 hukumar UNESCO ta sa Al-Ƙaɗɗ cikin jerin al'adun gado na duniya. Wato ƙauye ya riga hukuma da shekara talatin.

Tallafin hukuma da ya yi tasiri a yankin ma ba takardar cike-cike ba ce. A 1989 Yarima Khalid al-Faisal, gwamnan Asir na lokacin, ya buɗe unguwar masu fasaha ta Al-Muftaha a birnin Abha. Ɗakunan aiki aka ba matasa, da wurin baje koli, da damar zama tare da waɗanda suka fi su sani. Daga nan Ahmed Mater ya fito, likita ne da ya tashi a Rijal Alma, mahaifiyarsa kuma mai zanen Al-Ƙaɗɗ ce. Daga nan Abdulnasser Gharem ya fito, soja ɗan Khamis Mushait, wanda aka sayi aikinsa guda a Dubai a 2011 kan sama da dala 800,000. Biyu daga cikin sunayen da manyan ɗakunan baje koli na Jidda ke alfahari da su 'yan dutse ne. Amma abin da aka ɗora a kan mutum ɗaya yana da rauni: bayan an mayar da yariman gwamnan Makka a 2007, Al-Muftaha ta yi sanyi.

A nan ya kamata mai karatu ya rarrabe abubuwan da ake haɗawa a kira su “tallafi”. Akwai kyautar kuɗi da ba a biya. Akwai rance. Akwai horo da wurin aiki. Akwai kuma sayen abin da mutum ya yi, ko ba shi kwangila. Asusun Raya Al'adu na Saudiyya ya fi karkata ga rance da lamuni da zuba jari a kamfanoni, musamman na fim. Wannan ya dace da mai ofis a Jidda ko Riyad, wanda ke da rajistar kasuwanci da akawu da wanda zai tsara masa takardar neman kuɗi. Dattijuwar da ke zane a ƙauye fa, wace riba za ta nuna a takarda, alhali bangon ɗakin 'yarta take zanawa? Ba sai an hana ta ba, sharuɗɗan kaɗai sun isa su tsame ta. Abin da ya fi isa gare ta shi ne rajistar masu sana'ar hannu da Hukumar Kayan Gado ke yi, da kasuwannin baje koli, da ayyana 2025 a matsayin shekarar sana'o'in hannu. Sun kawo ciniki, ba musu. Sun kuma sauko da zanen daga bango zuwa kofin shayi da jaka da allon ratayewa, domin abin da baƙo zai iya sawa a akwati ke nan. A ganina kuɗin shigar alheri ne, amma yarinyar da ta koyi zana kofi ita kaɗai a kan tebur ba ta koyi jagorantar mata a gaban bango ba, kuma babu asusun da ke biyan wannan koyon.

Mu ma nan gida mun ga biyu daga cikin hanyoyin: horo da wurin aiki, da kuma rance. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ƙarƙashin Bature Michael Cardew. An kai ta inda yumɓu yake, inda masu ginin tukunya suke. Ladi Kwali, wadda ta koyi sana'ar a ƙauyensu tun tana ƙarama, ta shiga a 1954, ta samu wurin gasa tukwane da kayan aiki da hanyar kasuwa. Tukwanenta suka kai Landan, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. A 2019 kuwa Babban Bankin Najeriya ya fito da shirin rance ga masu ƙirƙira, aka ware shi ga fim da waƙa da ɗinkin zamani da harkar kwamfuta, ta hannun bankuna, da tsarin kasuwanci a rubuce. Marinan Ƙofar Mata suna tsakiyar birnin Kano, amma sana'arsu ba ta cikin jerin, balle ta mai saƙar faifai ko mai sassaƙar ƙwarya a ƙauyukan Katsina da Sakkwato.