Mu Rubuta Salsalar Gidajenmu

Yawancinmu a nan Karakkai mun san sunan kakanmu, amma ba mu san na mahaifinsa ba. In tsofaffi suka rasu, sunayen sun tafi ke nan.

Da farko mukan tambayi dattawa, mu rubuta a littafi. Kaka ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta saboda kunya, sai mu tambayi baffa. A kwamfuta muna sa kakan kaka a sama, 'ya'yansa a ƙasa, layi ya haɗa su. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne, shi ya sa muke bugawa a kwance. In zuriyar ta yi yawa, mu buga biyu mu liƙe da gam. Amma kafin mu biya kuɗin bugawa, mu karanta wa dattawa su gyara.