Yini guda a ƙasa bisa duwatsun Adar

Ga mafi yawan mazauna birnin Tawa, duwatsun Adar abin hange ne ta tagar mota, a kan hanyar Keita ko ta Buza. Amma ga mutanen karkara, tun daga Afala har kwarin Majiya, hanya ce ta yau da kullum, wadda ake bi da ƙafa daga asuba zuwa almuru. Duk wanda ya bi ta sau ɗaya, ba zai ƙara kallon damin itacen da ke ƙofar gidansa da ido irin na da ba.

Afala tana arewa da birnin Tawa, a bakin iyakar Adar, inda dutse yake fara sakar wa rairayin Azawak ƙasa. Duwatsun wannan yanki ba su kama ƙafar na Abzin wajen tsawo ba: ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, alhali tudun da ya fi kowane tsawo a Adar bai kai mita 800 ba. Sai dai wahalar dutse ba a tsawonsa take ba. Adar shimfiɗaɗɗen tudu ne wanda ruwan dubban shekaru ya tsattsage, ya bar kwaruruka masu zurfi da gangare masu tsauri. Matafiyi ba hawa ɗaya zai yi ya huta ba. Hawa ne da sauka, sauka da hawa, har rana ta faɗi.

Daga asuba zuwa hantsi

Masu bin wannan hanya suna tashi ne da an sallame sallar asuba, domin sanyin safiya shi ne jarin matafiyi. Guzurin ba shi da yawa: fura a gora, dabino, ɗan cuku, sanda, rawani, da takalmi mai kaurin tafi. Ruwa ne kawai ba a yi wa rowa. Wanda ya ɗauki abin da bai kai lita 4 ko 5 ba, tun bai fita gida ba ya riga ya yi kuskure, saboda a bisa tudu babu rijiya.

Zangon farko mai sauƙi ne a ido. Ana ratsa gonakin kwari, ƙarƙashin gawo da aduwa da magariya, rairayi yana haɗiye ƙafa, ƙarangiya tana kama wando. Da hantsi ya yi sai a iske gindin dutse. A nan hanyar amalanke take ƙarewa, sai turbar awaki, wadda take karkacewa tsakanin manyan duwatsun marmara. Tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin takalmi, wani wuri dole a haɗa da hannu. Makiyaya ba sa cusa hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse sai sun fara taɓawa da sanda, domin nan ne makwancin kububuwa da kunama, kuma asibiti yana da nisa. Baƙo mai gaggawa shi ne yake fara zama. Ɗan ƙasa yana taku kaɗan-kaɗan, ba ya tsayawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Bisa fako

Wanda ya kai sama yakan yi zaton ya gama da wuya, ashe yanzu ta soma. Saman tudun fako ne miƙaƙƙe, ƙasa mai tauri lulluɓe da baƙin dutse, da dajin geza, sabara, taramniya da anza a tsittsinke. Ba daji ne mai dogayen itatuwa ba, amma inda ya yi kauri ya isa ya rufe wa mutum gani, ƙaya kuma ta tare masa hanya. Gabas da yamma duk kama ɗaya ne. Shi ya sa ba a shiga ba jagora: makiyayi yana gane hanya da wani karyayyen itace ko tarin duwatsu, abin da idon ɗan birni ba zai taɓa lura da shi ba.

Da tsakar rana zafi yakan zo ta fuska biyu, daga sama da kuma daga dutsen da ake takawa. A watannin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, don haka masu hankali suke barin doguwar tafiya sai lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ko a lokacin, daga azahar sai a nemi inuwa. Sau da yawa inuwar da ake samu ta anza ce, itacen da mutanen Adar ba sa rainawa. A shekarun yunwa, ƴaƴanta ake jiƙawa kwana da kwanaki, ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, a dafa a ba yara. Waɗannan tudunan sun daɗe suna ɓoye mutane: tun kafin Agabba ya zo daga Agadas ya kafa sarautar Adar a ƙarshen ƙarni na 17, da kuma bayansa, manoma sukan hau dutse ne in mahara suka sauko kwari.

Dajin da hannu ya dasa

Matafiyi mai lura zai ga wani abu a kan gangare da fako: ramuka a jere, layukan duwatsu da aka shirya a gicciye, da dakwara ko farar ƙaya a tsaye cikin kowane rami kamar an auna da igiya. Wannan daji ba tsirowa ya yi da kansa ba. Fari na 1973 da 1974, sannan na 1984, ya kashe itatuwa masu yawa, gatari da dabbobi suka ƙarasa sauran. Da tudu ya tsiraita, ruwan sama ya daina shiga ƙasa. Sai ya gangaro da ƙarfi, ya yanke gonakin kwari, ya binne wasu da yashi.

A 1984, shekarar da aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada a zamanin Seyni Kunce, aka buɗe aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da jagorancin hukumar FAO, hukumar PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Cikin kusan shekara 20 an dasa itatuwa kimanin miliyan 18. Mafi yawan waɗanda suka fasa dutsen da diga, suka ɗauki duwatsu a ka, mata ne, saboda mazan Adar da rani suna Abijan, ko Najeriya, ko Libiya wajen bida. A yankin Illela, manoman da suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka dawo da dabarar gyara tassa, wato ramin shuka mai tara ruwa da taki, har fako ya koma gona. A kewayen Tawa kanta, wani aiki da ƙasar Jamus ta tallafa a shekarun 1990 ya yaɗa tassa da ramukan rabin wata a ƙauyuka da dama. Ke nan inuwar da matafiyi yake sha a yau, a wurare da yawa, gumin wata tsohuwa ce da ba a rubuta sunanta ko'ina ba.

Saukowa

Masu bin dutse sun san sauka ta fi hawa haɗari. Gwiwa ta gaji, ruwa ya yi ƙasa a gora, rana kuma tana gaggawa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce bin korama, amma da damana tarko ce: ana iya yin ruwa a wani tudu mai nisa, sama tana garau a inda mutum yake, sai kawai ambaliya ta iso ba sallama. Dabbobi da mutane sun sha salwanta ta haka.

A wannan zango na la'asar ne ake gamuwa da ainihin masu hanyar. Mata da ƴan mata ne ɗauke da damin itace a ka, da yara masu kora jakuna, suna sauka a kan tsakuwar da baƙo yake rarrafe a kanta, wasu da goyo a baya. Abin da ɗan birni zai yi sau ɗaya ya yi mako yana ba da labari, su aikinsu ne na kowane mako. Kuma duk shekarar da daji ya ja baya, tafiyarsu ce take ƙaruwa.

Abin da ya shafi birni

Wani kaso na wannan itace a murhun ƙauye yake ƙarewa, wani kuma amalanke da motoci suke kwasa zuwa Tawa, inda gidaje da yawa, da masu gasa burodi da masu tukuba, har yanzu da shi suke aiki. Doka ba ta yi shiru ba: tun 1992 aka tsara kasuwannin itace na karkara domin ƙauyuka su riƙe dajinsu su kuma ci amfaninsa, a 2004 kuma aka yi sabuwar dokar gandun daji. Amma doka a takarda take, gatari kuwa a hannu. Ɗan kasuwar da ya tambayi inda aka saro kayan da yake saye, da ma'aikacin da ya ƙi sa hannu a kan izinin da bai dace ba, da magidancin da ya koma ga gas ko murhu mai tsimin itace, kowannensu ya rage wa wata mata tafiya.

Ga mai sha'awar gani da idonsa, hanya a buɗe take, da sharaɗi. Ya fara gaida mai gari, ya nemi jagora ɗan ƙasa, ya kuma tambayi hukuma halin da ake ciki, domin tun bayan hare-haren da aka kai a yankin Tiliya cikin Maris na 2021, arewacin jihar ba wurin yawo ba ne kai tsaye. Tudunan kusa da gari da na wajen Keita sun isa su koya masa darasin. Ranar 3 ga Agusta, manya sukan dasa itace ɗaya a gaban jama'a, a zuba masa ruwa da buta, a tafa. Wanda ya yini a ƙasa bisa dutsen Adar ya san cewa dashe shi ne mafi sauƙin aikin. Raino da tsaro su ne tafiyar, kuma ita ba a yin ta a mota.