Kyanwa mai yawan susa: a fara neman ƙuma

A ƙasar Madarumfa kyanwa ita ce mai gadin rumbu. Duk manomin da ya jera dammunan gero ya san ɓarnar da ɓera da gafiya ke yi kafin bazara. Kyanwar da ƙaiƙayi ya dama ba ta farauta. Sai ta wuni tana susa, tana lasar jikinta, har gashi ya zube, ta rame.

Sau da yawa sanadin wannan ciwo shi ne ƙuma. Idan ƙuma ta ciji kyanwa, tana zuba mata yawu cikin fata. Jikin wata kyanwar ba ya jure wannan yawun, kamar yadda wani mutum ke yin borin jini in ya ci abin da jikinsa ba ya so. Irin wannan kyanwa, cizo ɗaya ko biyu ya isa ya hana ta sakat kwana da kwanaki.

Ku shafa wuyanta da gadon bayanta har zuwa gindin wutsiya. Za ku ji ƙananan ƙuraje masu ɓawo, kamar an watsa tsabar gero ƙarƙashin gashi. Abin mamaki, likitocin Turai ma daga sunan gero suka raɗa wa waɗannan ƙuraje suna.

Wani zai ce ya duba bai ga ƙuma ba. Ai kyanwa na haɗiye su wajen lasa. Ga dabara: ku tsayar da ita bisa farin ƙyalle mai lema, ku taje gashinta da matsefi. Baƙin garin da ya zubo, in ya koma ja, kashin ƙuma ne, wato jinin da ta sha.

Ƙumar da ke jikin kyanwa kaɗan ce. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuma ƙasa yake faɗowa. Yana ƙyanƙyashewa a ƙarƙashin tabarma, da cikin tsummoki, da gindin randa inda sanyi da lema suke. Cikin sati 2 zuwa 3 sababbi sun fito. Shi ya sa abin ya fi tsanani da damina da kaka, musamman a garuruwan bakin tabki da na gefen gulbi. Wanda ya yi wa kyanwa magani ya bar ɗaki, aikin banza ya yi. A riƙa shara kullum, a ƙone sharar. A wanke tsummokin da take kwanciya da ruwan zafi, a shanya tabarmi a rana.

Maganin ƙuma kuwa, a tambayi ma'aikatan kiwo na Madarumfa ko likitan dabbobi a Maraɗi. Akwai wanda ake ɗigawa a ƙeya sau ɗaya a wata, kamar mai sinadarin fipronil. Sai an yi wata 3 a jere, kuma a haɗa da sauran kyanwoyi da karnukan gidan. In ƙurajen sun yi ruwa, likita ne zai ba da na kashe ƙaiƙayi.

A nan ne ake yin babban kuskure. Kada a fesa wa kyanwa maganin ƙwarin wake, kada a shafa mata baƙin mai. Kada a sa mata maganin kare mai sinadarin permethrin, domin hantarta ba ta iya narkar da shi. Sai ta kama makyarkyata da farfaɗiya, ta mutu. Ƙwayar parasitamol ɗaya ma tana kashe ta. In maganin ƙwari ya taɓa ta, a wanke ta nan take da sabulu da ruwa mai ɗumi, a kai ta wurin likita.

In an gama da ƙuma amma susa ba ta daina ba, a duba abinci. Kifi da nono da naman shanu suna cikin masu jawo haka. A ba ta abinci iri ɗaya wanda ba ta saba ci ba har sati 8, a gani.

Idan kuwa gashin ya zube a kewaye kamar kwabo, fatar ta yi fari-fari, wataƙila makero ne, kuma yana kama mutane. A hana yara ɗaukarta, kowa ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa ta. Yaron da aka ga irin wannan tabo a kansa ko a hannunsa, a kai shi gidan likita.